Takunkumin Baba

Zuwa ga Yaya Eulogia,

Gaisuwa mai yawa. Ya Lima, ya yara, ya ƙafar mijinki? Mu nan Vinchos muna nan.

Kin tambayi Baba. Ya yi shiru, Yaya. Kin san tun da ruɗewar tsufa ta kama shi yake katse wa'azi a coci, yana yi wa matattu faɗa da sunayensu. Dattawa suka ce ko in san yadda zan yi da shi, ko in bar shi a gida. Likita ya ba ni wani magani, ina ɗiga masa a kunun masara. Yanzu sai ya zauna a bencin gaba, hula a gwiwa, kowa na cewa madalla.

Ni ban ji daɗi ba, ban kuma ji zafi ba. Ina dai ɗigawa.

Ƙanwarki,
Fermina

Yaya Eulogia,

Ina fata kuna lafiya. An gama girbin alkama.

A ajinmu na juya Linjila zuwa harshenmu na Kecuwa mun kai inda Yesu ya tsawata wa guguwa. Tsoho Hilario ya ce mu rubuta "ki huta". Fasto Anselmo ya yi dariya ya ce, "Kai Hilario, guguwar surukarka ce da za a lallaɓa ta?" Ya ce kalmar Girkancin, fimo, ba lallashi ba ce: ɗaure bakin dabba ne, takunkumi. Ita aka faɗa wa guguwa, ita aka faɗa wa aljani. Ita ce kuma Littafi ya hana a yi wa bijimin da ke sussuka.

Kin tuna Baba a masussuka? Maƙwabta na ɗaure wa shanunsu baki don kar su ci hatsi, shi ko kusa. Yakan ce wanda ya taka shi zai ci, in asara ce tasa ce. Mutumin da ya ɗauko duwatsun cocin nan a bayansa.

Na dawo gida na zubar da kwalbar maganin a bayan garke.

An kwana biyu yanzu. Na kai shi coci, na zaunar da shi a gaba, na jira. Bai katse kowa ba. Na sa masa gishiri a kunu da gangan, ya shanye, ya miƙo mini kwanon.

Ki zo, Yaya. Ke ce kullum kike ba shi haushi. Ki zo da jan farcen nan naki da ya tsana, ko Allah zai sa ya zage ki.

Ƙanwarki,
Fermina