Ƙafar da Suka Ɗaura wa Baffa

Zuwa ga Yayana Maharazu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa daga Ƙofar Mata, tare da fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da Rukayya da yara. Allah Ya sassauta muku sanyin Jamus. Hauwa matar ƙaninmu Lawal ta sauka lafiya, an sami namiji, an raɗa masa Mikail. Sai dai ba wannan ne ya sa na ɗauki biro ba.

Ka san tun da ciwon suga ya sa aka yanke wa Baffa Ilu ƙafa daga ƙasan gwiwa bai sake zama a karofi ba, mutumin da da rinin nan ya ciyar da mu bayan rasuwar mahaifinmu. Da ka aiko da hoton ƙafar nan mai batir, wadda ka ce tana gane takun mutum ta lanƙwashe da kanta, duk wanda ya shigo zaure sai ya nuna masa, yana cewa ɗansa zai kawo masa ita. Damina ta wuce, wata ta zo, ko gaisuwa ba mu ƙara samu daga gare ka ba.

Da soja suka sauka aka yi zaɓe, wani da ya ci kujera ya shirya bikin rabon ƙafafun roba. Baffa ya ce shi yana jiran tasa, abokansa marina suka matsa masa, wai da babu gara ba daɗi. Yaya, babu wanda ya auna shi. Daga buhu aka zaro ɗaya aka ɗaura masa, aka tsayar da shi gaban masu hoto, makaɗa na kiɗa. Da ya ce tana matse shi, sai aka ce ai sabon takalmi ma yana cizo.

Ya dinga sa ta, yana cije leɓe, ya je masallaci, ya leƙa karofi har ya tsoma zane a ruwan baba na rini. Ban taɓa ganinsa da fara'a irin ta kwanakin nan ba. Ashe ƙafar ta ci dungun, ya ɓoye mana gyambon har wari ya tona. Likita ya ce ba a sa wa mai suga ƙafa ba gwaji, kuma ruɓar ta hau sama. Sun sake yankewa, wannan karon har cinya. Na je ofishin mutumin da ya raba ƙafafun, mai gadi ya ce Alhaji yana Abuja, kuma wanda aka yi wa kyauta godiya ce tasa.

Baffa bai zagi kowa ba, ya ce haka Allah Ya rubuta. Ni dai ban kai shi haƙuri ba. Alkawari kaya ne, kuma da ka ce masa ba za ka iya ba, da ya fi wannan shirun sauƙi. Yanzu ya rame, ba ya ambaton ƙafa, amma in aka yi sallama a zaure sai ya ɗago ya tambaya ko kai ne. Ka taho, ko hannu rabbana. In ka ƙara jinkiri, kafaɗarka kawai za a nema, ta ɗaukar makara.

Inna 'Yardada tana gaishe ka, haka Lawal da Hauwa. Ka shafa mini kan yara. Allah Ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Zaituna