Daga Ashirin da Bakwai Zuwa Uku

Garwa, 12 ga Mayu

Zuwa ga Adda Nafisatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da Yaya Hashim da yara. Ya sanyin Ngawundere? Mu nan zafi ya kai ko ƙadangare ba ya fitowa da rana. Ga bandar kifin Lagdo nan na ba Hubert direba ya kawo miki tare da wannan takarda. Ki duba ƙullin da kyau, na san halinsa da kifi.

Adda, ƙanwarki ta shiga rediyo. Ranar Asabar aka haɗa ni muhawara da Parfait, mai shagon kayan moto, wato babur, wanda ke ta fafutukar a mayar wa 'yan banga bindigoginsu. Kin san bara aka karɓe su a ƙauyukan bayan Lagdo, har da Wuro Dallanku, aka rushe komiten tsaro. Yana ta kumfar baki wai an bar talaka tsirara gaban masu garkuwa da mutane, yana zuba lambobin da shi kaɗai ya san inda ya samo su. Na ƙyale shi ya gaji, sannan na zaro takardar da ƙungiyarmu ta matan da suka rasa mazajensu ta kwafo daga rajistar jandarma. Shekarar da bindigogi ke hannun mutane, an sace mutum ashirin da bakwai a yankin. Shekarar da aka karɓe, uku. Sau biyu na karanta, da Hausa da Fulatanci. Sai da mai gabatar da shirin ya sa kiɗa ya ceci Parfait.

Ba zan ɓoye miki ba, na ji daɗi har na ji kunyar kaina. Shekara shida ke nan da ɗan banga ya harbe mijina Isa a shingen hanyar kasuwa, da rana tsaka, don kawai bai ji an ce ya tsaya ba. Tun ranar na tsani ganin bindiga a kafaɗar farar hula. Ranar Asabar na fara jin jininsa bai zuba a banza ba.

To ga dalilin rubutuna. Shekara biyu kuna zaman haya a garin mutane don tsoron a sace ku, Yaya Hashim yana dako a tashar jirgi, mutumin da ke da fadamar shinkafa tasa ta kansa. Ki nuna masa lambobin nan. Na san ba ya jin maganar mata, amma wannan takarda ce, har da hatimi. Ya zo ya yi shukar bana, in ya ga lafiya sai ku biyo baya. Ni na tsaya masa.

Ki shafa mini kan yara, ki ce da Yaya ina jiran buhuna na sabuwar shinkafa.

Ƙanwarki,
Khaula

Garwa, 21 ga Yuli

Adda,

Sallama da gaisuwa. Ya haƙuri, ya jikin yara? Na kira ki sau tara ba ki ɗaga ba, shi ya sa na koma ga takarda.

Mahamat ƙanen Yaya Hashim ya riga ya faɗa miki, amma ina so ki ji yadda abin ya faru daga bakina, tunda na je Wuro Dalla na gani da idona. Ranar Alhamis ne bayan la'asar. Yaya yana cikin fadama yana cire ciyawa, mutum huɗu suka fito daga daji da ƙafa suka tafi da shi, ba su ko yi sauri ba. Akwai manoma sun fi goma a gonakin kusa. Kowa ya sunkuyar da kai kan fartanyarsa. Takalmansa suna nan a bakin kunya inda ya cire su, Mahamat ya hana a taɓa.

Da na isa, abu na farko da na yi shi ne na ciro waya zan kira jandarma. Mahamat ya riƙe hannuna, mutumin da bai taɓa haɗa ido da ni ba. Ya ce sun bar saƙo: duk ranar da suka ga motar hukuma a hanyar ƙauyen, gawa za a ɗauka. Dattawan gari suka zaunar da ni, suka sa na rantse ba zan kai ƙara ba, ba zan faɗa a ƙungiya ba, balle a rediyo. Na rantse, Adda. Da ke ce a wurin, haka za ki sa ni in yi.

Sai a mota, a hanyar dawowa, wani abu ya faɗo mini. Dattawan nan ba su yi shawara ba kafin su sa ni rantsuwa. Kowa ya san abin da zai faɗa da wanda zai aika, har da irin wayar da za a saya a riƙa magana da su. Mutanen da aka yi wa abu sau uku kacal a ƙauyuka ashirin ba sa ƙwarewa haka. Tun daga nan zuciyata ba ta zauna ba.

Muna nan muna addu'a. Don Allah ki riƙa cin abinci, ko don yara.

Taki,
Khaula

Garwa, 9 ga Agusta

Adda Nafisatu,

Assalamu alaikum. Allah ya jiƙan Yaya Hashim, ya yi masa rahama, ya ba ki haƙuri da dangana. Ya takaba, ya ƙarfin jiki?

An kai musu abin da suka nema, duk da haka suka yi abin da suka yi. Masunta ne suka gan shi da safe a bakin ruwa. Aka yi masa wanka, aka yi salla, kafin la'asar an rufe shi, kamar yadda addini ya ce kar a ɓata wa mamaci lokaci. Ba likita, ba takarda. Na tsaya a bayan zana tare da mata ina jin kabbara huɗu, kuma ban iya yin kuka ba.

Wurin zaman makoki wani tsoho ya zo ya durƙusa nesa da tabarmar mata ya yi mini ta'aziyya. Sunansa Barthélemy, malamin coci ne a ƙauyen da ke gaba. Ya ce ya gane muryata daga rediyo. Ashe shi ne magatakardan komiten tsaro. Duk ranar Litinin yakan hau moto, 'yan banga biyu suna raka shi, ya kai wa jandarma sunayen waɗanda aka sace a makon. Iyalai ba sa kai ƙara, ba su taɓa kaiwa ba, shi ne yake kaiwa a madadinsu don kar a ce wane ne ya yi magana. Da aka rushe komite ba mai raka shi, sai ya daina zuwa. Ukun da na karanta fatake ne baƙi, waɗanda iyayen gidansu a Garwa suka kai ƙara da kansu.

Bai daina rubutawa ba, Adda. Ya nuna mini littafin, irin na 'yan makaranta, a cikin leda. Shekarar da na ce uku, sunaye talatin da ɗaya ne. Na tambaye shi me ya hana shi kiran rediyo ya ƙaryata ni. Ya ce yana da jikoki a gida.

Kada ki ɗauka Parfait ne ya yi gaskiya. Na karɓi littafin na koma baya shekara shida, na nemi watan da aka kashe Isa. Babu sunansa. Tsohon ya sunkuyar da kai, ya ce komite ba ta rubuta waɗanda bindigarta ta kashe. Ya ce shi da kansa ya san mutum bakwai, har da mace mai ɗauke da itace.

Tun da na dawo, ko tuwo nake tuƙawa sai in ji muryata a kunnena tana karanta lambar nan a hankali, da Hausa da Fulatanci. Mutum nawa ne suka ji ni suka koma gonakinsu? Ban sani ba, kuma ba wanda zai ƙirga.

Ni na kira Yaya Hashim ya zo. Ba ni da bakin neman gafara, amma ina nema.

Khaula

Garwa, 14 ga Oktoba

Addata,

Sallama. Ina fata jiki da sauƙi, yara kuma sun koma makaranta lafiya. Hubert ya ce kin karɓi wasiƙuna, kin sa su a ƙarƙashin filo. Na gode da ba ki mayar da su ba.

Jiya shugabar ƙungiyarmu, Madam Albertine, ta kawo mini sabuwar takarda tana murna. Daga Yuli zuwa Satumba, a yankin Wuro Dalla, adadin waɗanda aka sace sifili ne. Watannin da aka ɗauki mijinki ke nan, aka kashe shi, aka binne shi. Tana so in karanta ranar Asabar. Na faɗa mata abin da na sani ba tare da na kama suna ba. Ta ce in na tona wannan za a mayar da bindigogi, a sake yin wani Isa, kuma alhakin yana wuyana. Wataƙila gaskiyarta ce. Har yau ba na son bindigogin nan su dawo.

Parfait ma ya ji ƙishin-ƙishin, ya zo har gida yana yi mini ta'aziyya da idon ɗan kasuwa. Yana so in koma ɓangarensa mu ce an sace ɗari biyu. Na tambaye shi bakwai ɗin da 'yan banga suka kashe, ya ce wannan tsautsayi ne, ba ya shiga lissafi. Ban ko ba shi ruwa ba.

Abin da nake so in yi shi ne in shiga rediyon nan in ce na yi kuskure, in faɗi yadda aka samu ukun, in faɗi talatin da ɗaya, in faɗi bakwai. Amma lamba ce kawai za ta ƙaru a kan lambobi, wani zai kawo tasa ya goge ta. Sai da suna mutane za su yarda. Iyalan da ke cikin littafin Barthélemy suna zaune a bakin daji, ba zan kira sunan kowa nasu ba. Suna biyu kaɗai nake da su. Na Isa nawa ne, zan faɗe shi. Na Yaya Hashim naki ne.

Na san abin da nake roƙo. Mahamat ya warware mini rantsuwar da na yi, ya ce wanda aka yi ta dominsa ya riga ya tafi, zai kwashe iyalinsa zuwa Lagdo kafin Asabar. Amma fadamar nan gadon 'ya'yanki ce, kuma in na yi magana wataƙila ba za su taka ta ba har abada. Na taɓa ce miki na tsaya wa mutum, kin ga inda aka ƙare. Yau ban tsaya wa komai ba.

Idan kin ce a'a, zan kira sunan Isa shi kaɗai, kuma wallahi ba zan ga laifinki ba. Hubert zai juyo ranar Juma'a. Ba sai kin rubuta ba, ki faɗa masa i ko a'a, ba zai san na mene ne ba. In kin yarda, ki haɗa da sunan mahaifinsa yadda yake so a kira shi, don in faɗe shi daidai.

Allah ya sa ki fita takaba lafiya.

Ƙanwarki, in har yanzu kina so,
Khaula