Wainar da Na Ci Daga Cikin Sha Biyu

Maman Da-on,

Dole in fita kafin ki dawo. Ki yi haƙuri, ni na ci wainar tteok ɗaya, wainar shinkafar nan ta Koriya, daga tiren da kika jera wa 'yan ajinki. Ban san ta darasi ba ce.

Da-on ce ta kama ni. Ta jera su bibbiyu, ta koma uku-uku, ta gwada hurhuɗu, kowane karo sai an samu ragowa. Ta harare ni ta ce, "Baba, ka ɓata wa Mama sha biyunta! Sha ɗaya taurin kai gare ta, ba ta rabuwa daidai."

Yarinyar da bara take kuka in an ce lissafi! Gaskiya kin iya koyarwa.

Kada ki cike gurbin. Ki kai musu sha ɗayan haka, su ma su kama ɓarawon.

Baban Da-on