Na Ba Shi Amsa, Ya Ba Ni Suna

Assalamu alaikum Edita da masu bibiyar wannan fili, Allah ya ƙara muku haƙuri da irinmu. Don girman Allah a ɓoye sunana, kuma kafin wani ya buɗe baki ya ce Allah ya ƙara, ya daure ya ji ƙarshen maganar. Ina da nawa laifin, ba zan ɓoye shi ba, amma abin da aka yi mini ya fi ƙarfin cikina.

Ni direban tasi ne, a Gyaɗi-Gyaɗi nake zaune da iyalina. Akwai abin da Allah ya halicce ni da shi wanda daga mahaifiyata sai matata suka sani: idona ba ya raba ja da kore. Duk ruwan ƙasa-ƙasa nake ganinsu. Tumatir ma sai na latsa nake sanin ya nuna. Za ku ce to yaya aka yi nake tuƙi? Ai shekarun da soja suka yi suna mulki, danjojin hanyar da nake bi a mace suke, hannun ɗan sanda muke kallo, in babu shi kuma mai ƙarfin hali ya wuce. Lasin kuwa kowa ya san yadda ake yi a lokacin, ka ba wani hotonka, ya kawo maka abinka har tasha. Da farar hula suka dawo aka tashi gyaran danjoji, sai na koma lissafi: ta sama tsayawa, ta ƙasa wucewa. In rana ta take na kasa gane wacce ta kama, sai in bi na gabana.

Ana nan sai muka ji wani asibitin kuɗi a Tarauni yana neman direbobi biyu na motar ɗaukar marasa lafiya. Albashi duk wata, jama'a, ba kawo balas ga mai mota kullum ba! Sharaɗinsu ɗaya, sabon lasin wanda mutum ya zauna ya rubuta jarrabawarsa da hannunsa. Na garzaya na faɗa wa abokina, bari in kira shi Sale. Tare muka yi yaran mota da shi, kwano ɗaya muka ci, ranar aurensa ni ne babban aboki. Ni na kai masa labarin aikin nan da ƙafata, ku riƙe wannan.

Maƙwabcin Sale, Baba Yohanna, mutumin Filato ne, tsohon direban ma'aikata da ya yi ritaya. Shi ya yarda ya riƙa yi mana bita bayan la'asar a ƙofar gidansa, bai karɓi ko sisi ba. Ya zana alamomin hanya a kan kwalaye da fenti, yana ɗagawa muna faɗa. Dokokin shataletale, tazarar da ake bari tsakanin mota da mota, inda aka hana wuce na gaba, duk ni nake fara amsawa, don na yi firamare kuma ina karanta littafin dokokin hanya a mota in babu fasinja. Rannan sai ya ɗago kwali da da'ira guda ɗaya tak, babu ta sama babu ta ƙasa. Ya ce, "Kai, wannan ta kama a gabanka, me za ka yi?" Na rufe ido na ce, "Wucewa, Baba." Ashe ja ce. Kafin Baba ya yi magana Sale ya fashe da dariya ya ce, "Baba, tsokanarka yake yi, ai ka san halinsa." Baba ya girgiza kai ya ce, "Yarana, titi ba wurin wasa ba ne," ya ɗauki wani kwalin.

A hanyar komawa Sale ya riƙe hannuna ya ce, "Tsakaninka da Allah, ba ka ganinta ko?" Nan na faɗa masa komai, har da hawaye, ni ƙato da gemu. Sai ya ce, "Kwantar da hankalinka, kowa da nasa. Ni wallahi littafin nan riƙe shi kawai nake yi, ban da A da B irin na lambar mota ban san komai ba." A nan muka ƙulla abin da nake jin kunyar faɗa. A ɗakin jarrabawa zan ɗora yatsuna a kan benci in nuna masa amsa. Shi kuma in aka zo tambayar da ke da hoto mai kala, ya taɓa hularsa in ja ce, ya taɓa kunnensa in kore ce. Ya ce, "Amana ce, daga ni sai kai sai Allah." Haka kuwa muka yi, muka ci jarrabawar mu biyun. Na san ha'inci ne, na sani. Amma ku duba, tambayar kala nawa ce a takardar? Ba ta kai a ƙirga ba. Sauran duk daga yatsuna suka fito.

Ranar da muka kai takardunmu asibitin sai aka ce kuɗi bai kai ba, direba ɗaya za a ɗauka. Muka zauna a benci ɗaya muna jira, har na ce masa duk wanda Allah ya ba a cikinmu ai duk gida ne. Shi aka fara kira. Ya daɗe a ciki, da ya fito bai kalle ni ba. Ina shiga, manajan bai ko duba lasina ba, ya ɗauko murafen biro guda biyu ya ajiye a tebur ya ce, "Malam, miƙo mini jan." Jama'a, kun san yadda mutum yake ji in aka tuɓe shi a kasuwa? Na miƙa hannu na ɗauki ɗaya. Ya ce, "Allah ya ba da sa'a a wani wurin."

Da a nan ya tsaya da na haɗiye. Kwana kaɗan ina shiga tasha sai wani ɗan kamasho ya ɗaga murya, "A ba Danja hanya!" Tasha ta ɗauki dariya. Yanzu mai shayi Danja yake ce mini, 'yan acaɓa Danja, mai motar da nake ja ya karɓe makullinsa ya ce ba zai zuba ido a kashe masa jari ba. 'Yata ta dawo daga islamiyya tana tambayata wai me ya sa ake ce mata 'yar gidan Danja. Me zan ce mata?

Na tare Sale a ƙofar gidansa. Bai ko musa ba. Wai, "Ka yi haƙuri, rayukan mutane ne, tsoron Allah na ji. In ka kwaso mara lafiya ka afka wa tirela fa?" Na ce, "Tsoron Allahn bai zo maka ba lokacin da kake kallon yatsuna? Bai zo ba lokacin da direba biyu ake nema, sai da aka ce ɗaya? Kuma tsoron Allah ne ya kai maganar tasha?" Ya sunkuyar da kai ya shige gida. Abin da ya fi ci mini rai, akwai gaskiya a maganarsa, don sau ɗaya saura ƙiris in kwashe wani mai babur da goyon mace a sabuwar danja. Amma da ya ja ni gefe ya ce kada in nemi aikin nan, wallahi da na ji. Shi da ba ya iya karanta allon da ke gabansa, shi ne yau yake yawo da jiniya.

Na riga na yanke cewa ranar Litinin zan je wurin manajan in faɗi yadda Sale ya ci jarrabawa, ko da ni ma za a karɓe nawa lasin. Ai wanda yake ƙasa ba ya tsoron faɗuwa. Matata tana ta roƙona in bar shi da Allah. To jiya da safe sai ga ƙanin Sale da goro a ƙofar gidana. Matar Sale ta sauka, an samu namiji, suna ranar Lahadi, kuma wai sunana za a raɗa wa yaron.

Tun jiya goron nan yana kan taga, na kasa ci na kasa mayarwa. Neman gafara ne ko toshiyar baki? In na je na ɗaga hannu aka shafa fatiha, da wane ido zan tashi washegari in raba uban takwarana da abincinsa? In kuma na yi shiru, ya ci amanata, ya ci aikina, ya saye bakina da jariri. Lahadi ta ƙarato, 'yan uwa. Don Allah ku faɗa mini, ni me zan yi?