Dankalin da Ba a Haƙa wa Rami Ba

Takwarata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da aikin makaranta. Bayan haka, raina a ɓace yake, ba zan ɓoye miki ba.

Ranar da na ba ku makullin gidana, sharaɗi ɗaya tak na kafa: kada a haƙa bayan gida. Kin san bututun ruwa ta nan ya ratsa, zurfinsa bai fi tsawon tafin hannu ba. Wanda ya zauna kafin ku da fartanya ya fasa shi, ruwa ya jiƙa gindin katanga har ta tsage, na sallame shi. Jiya maƙwabcinku mai gyaran famfo ya ce mini ya leƙa ya ga ganyen dankalin turawa kore shar, har layi huɗu. Dankali dai ba a iska yake fitowa ba. In kin haƙa, ku nemi wani gida kafin ƙarshen wata. 'Yar ƙanena ce ke, amma hakan ba zai tsayar mini da katanga ba.

Ki gaida maigidan.

Gwaggonki.

*

Gwaggo ta kaina,

Barka da war haka, ya ƙafar taki? Wasiƙarki ta iso. Karatun farko gabana ya faɗi, na biyu kuma dariya ta kama ni, ki yafe mini.

Wallahi ko cokali ban soka a ƙasarki ba. Kwalaye na shimfiɗa a kanta, na jiƙa su, na zuba ruɓaɓɓen taki, na jera irin dankalin a sama kamar ƙwai a faranti. Sannan na lulluɓe da busasshiyar ciyawa mai kauri. Duk sanda ganye ya ɗago sai in ƙara ciyawa, don in rana ta taɓa dankalin kore yake yi, ba ya ciwuwa. Maigidan ma da farko cewa ya yi na mayar masa da gida juji. Yanzu shi yake riga ni ba su ruwa da safe, har hira yake yi musu.

Gwaggo, ina son gidan nan. In na dawo daga aji kaina na sarawa, a bayan nan nake ajiye kujera in sha iska har in dawo daidai. Don Allah kada ki yanke mini hukunci da idon mai famfo, shi daga saman katanga ya hango. Ki zo ki ɗaga ciyawar da hannunki, ai makullinki na wurinki.

Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Taki,
Takwara.

*

Takwarata,

Ina gaisuwa. Ranar Laraba na zo kuna wurin aiki, da gangan. Na durƙusa da ƙafar nan tawa na yaye ciyawar layin farko. Ga 'ya'yan dankalin nan kwance a sarari, tas da su, ƙasa kuwa ko ƙwarzane babu. Sai da na duba layukan nan huɗu kaf, don ban yarda da ke ba. Tun da katangar nan ta tsage nake jin haushin bayan gidan, amma ranar na zauna a kujerarki har la'asar, raina fes.

Maganar tashi ki manta da ita. Mai famfo kuwa zai ji daga gare ni.

Na mayar da ciyawar yadda na same ta. In kin zo kwasa kika ga layi na biyu ya yi giɓi, kada ki zargi kowa. Ni na ɗebi kaɗan na soya su, kuma gishiri kawai suka nema.

Gwaggonki.