Rasuwar Anti A-Sake, Babbar Injiniyar Ɗakin Baya

Cikin alhini mai nauyi, tare da miƙa wuya ga hukuncin Allah Maɗaukakin Sarki, Hukumar Gudanarwa ta Kamfanin Faifai na Ɗakin Baya, a madadin Shugabanta, da mawaƙanta, da makaɗanta, da ɗaukacin ma'aikatanta, tana sanar da jama'a cewa ta samu labarin rasuwar Babbar Injiniyar Sauti, kuma ɗaya daga cikin mutum biyun da suka kafa wannan kamfani, Hajiyarmu wadda kowa ya fi sani da Anti A-Sake. Allah Ya karɓi ranta da hantsin ranar Talata a asibiti, bayan jinyar kwana tara, tana da shekara sittin da takwas a duniya. Ta bar maigidanta, Malam tsohon Hedimasta, da 'ya'ya uku, da jikoki bakwai, da kuma yayanta, Alhaji Shugaban Kamfani, wanda suka shekara arba'in da ɗaya suna aiki tare, kuma da wuya a yi kwana biyu ba su yi musu ba.

Ga waɗanda ba su san asalin sunanmu ba, wannan kamfani ya faro ne a ɗakin da ke bayan shagon gyaran rediyo na mahaifinsu, inda marigayiyar ta koyi kwance na'ura da liƙe waya da dalma, yayan nata kuma yana sayar da kaset a bakin ƙofa. Wata rana aka kira wani kafinta ya gyara musu kantar shagon, yana aiki yana rera waƙar da ya tsara da kansa. Da ta tambaye shi, ya ce sau uku yana kai kansa manyan kamfanoni, sau uku ana ce masa muryarsa ta cika kaushi, ba mai saye. A ranar ta tare yayanta ta ce, “Yaya, in su ba sa so, mu muna so.” Ya ce, “Da me za mu naɗa, da farcenki?” Sai ta nuna masa wata tsohuwar na'urar naɗar sauti da mai ita ya yasar a shagon tun bara, ta ce ya ba ta mako guda. Suka kwashe tarkacen ɗakin baya, suka manna kwalayen ƙwai a bango, suka jingine tsohuwar katifa a taga don tare ƙarar titi. Ta kashe fanka saboda kada kukanta ya shiga waƙa, ta sa bawan Allah nan ya maimaita waƙa ɗaya sau goma sha ɗaya yana zuba gumi. A karo na tara ya ce, “Baiwar Allah, ni fa kujerun mutane na jira na a shago.” Ta ce, “Kujera ba ta gudu. A sake.” Daga nan sunan ya bi ta. Kafin wata shida, da wuya ka shiga motar haya ba ka ji muryar kafintan nan ba.

Marigayiyar ta tsaya kan ƙa'idoji kaɗan, amma ba ta taɓa sassauta ko ɗaya ba. Waƙa ta mai ita ce, kamfani riƙo kawai yake yi. Ba a sa hannu a takardar yarjejeniya sai ta karanta wa mawaƙi da bakinta, layi bayan layi, ta tambaye shi abin da ya fahimta. Idan mace ta zo naɗar waƙa kunya ta hana ta sakin murya, takan fitar da duk mazan da ke ɗakin, har da Alhaji Shugaba, su tsaya a rana sai an gama. Lokacin da masu satar fasaha suka cika kasuwa da kwafin kaset ɗinmu, har Alhaji Shugaba ya fara maganar rufe kamfani a koma gyaran rediyo, ita ce ta ce ko mawaƙi ɗaya ya rage za ta buɗe ɗakin ta kunna na'ura. Sau biyu wani babban kamfani yana aiko wakilinsa da tayin sayen duk ayyukanmu. A zuwa na biyu wakilin ya bayyana cewa talatin za su zaɓa su sake fitarwa. Ta tambaye shi, “Sauran ɗari biyar da ɗoriya fa?” Ya ce za a adana su. Ta ce, “Adanawa inda ba mai ji, ai binnewa ke nan.” Ta ba shi ruwa ya sha, ta raka shi har bakin mota.

Ba za mu ce ba ta da zafi ba, don duk wanda ya yi aiki da ita zai ƙaryata mu. Iyakar yabonta shi ne “ba laifi”, kuma akwai makaɗin da ya shekara ashirin yana jiran wannan kalma. Ni mai wannan rubutu da niyyar waƙa na fara zuwa, ina magidanci da iyalina. Ta saurare ni har ƙarshe, ta cire na'urar saurare daga kunnenta, ta ce, “Malam, muryarka ta magana ce.” Na yi fushin wata guda, na dawo na karɓi aikin da nake kai har yau, kuma ban taɓa samun wanda ya gaya mini gaskiya mai amfani kamar wannan ba.

Shekara tara da suka wuce, ruwan sama ya ɓalle rufin ɗakin ajiyarmu, ya jiƙa kaset na asali, waɗanda daga gare su ake buga kwafi. Ayyuka ɗari biyar da arba'in ne a ɗakin, yawancinsu na mawaƙan da suka riga mu gidan gaskiya, waɗanda ba su da wata murya da ta rage a duniya sai wadda ke cikin zaren nan. Marigayiyar ta shanya su ɗaya bayan ɗaya a inuwa, tana goge fumfuna da auduga, tana liƙe zaren da ya tsinke. Daga nan ta shiga aikin juye su cikin kwamfuta, alhali kunnenta na hagu ya fara yin nauyi, abin da ta ɓoye wa kowa sai Mataimakiyar Injiniya, wadda ta shekara goma sha biyu tana zaune a gefenta. Ta ceto ɗari huɗu da saba'in da bakwai. Sittin da uku sun lalace ƙwarai, ba yadda za a yi da su. Ta rubuta sunayensu da hannunta a takarda, kuma kwana biyu kafin rasuwarta ta sa aka kawo mata takardar har asibiti, ta danƙa wa yayanta ta ce, “Yaya, kar ku zauna kuka. Mun sayar da kwafin waɗannan, suna nan a gidajen mutane. Ku je ku nemo.”

Tun ranar Talata ake ta kiran ofishinmu ana tambaya ko yanzu za a sayar da kamfanin. Hukumar Gudanarwa ta zauna jiya ƙarƙashin jagorancin Alhaji Shugaba, kuma ta umarce ni in sanar da jama'a a fili cewa ba za a sayar ba, ba za a rufe ba, kuma duk yarjejeniyar da marigayiyar ta karanta wa wani mawaƙi tana nan daram yadda take. Hukumar ta naɗa Mataimakiyar Injiniya a matsayin Babbar Injiniyar Sauti, kuma za a buɗe ɗakin naɗa ranar Litinin da ƙarfe takwas na safe. An liƙa takardar ayyuka sittin da ukun nan a ƙofar ofis. Muna roƙon jama'a, musamman tsofaffin direbobi, da teloli, da masu aski, da iyayenmu mata masu akwatunan da ba a buɗewa, su duba mana. Wanda ya samu kaset mai tambarinmu ya kawo, ko ya yi tsatsa, ko zarensa ya tsinke. Za mu juye a gabansa mu mayar masa da abinsa.

Hukumar Gudanarwa tana miƙa ta'aziyyarta ga Malam tsohon Hedimasta, wanda ya shekara da shekaru yana jiran matarsa a benci a bakin ɗakin naɗa ba tare da ya taɓa ƙwanƙwasa ƙofa ba, da 'ya'yanta, da jikokinta, da Alhaji Shugaba, wanda ya rasa ƙanwa kuma ya rasa abokiyar shawara a rana ɗaya. Muna roƙon Allah Ya jiƙanta, Ya gafarta mata kurakuranta, Ya sa Aljanna ce makomarta, Ya ba iyalanta da mu baki ɗaya haƙuri da juriyar wannan babban rashi. Muna kuma gode wa likitoci da ma'aikatan jinya da suka yi iya ƙoƙarinsu a kanta.

A ƙarshe, muna sanar da cewa aikin ya riga ya fara. Jiya da rana wani dattijo, tsohon direban tasi, ya zo yi mana gaisuwa, ya ciro wani kaset daga aljihun rigarsa don kawai ya nuna mana cewa shi tsohon masoyinmu ne. Sabuwar Babbar Injiniya ta karɓa, ta duba bayansa, ta duba takardar marigayiya, ta ga sunan aikin a ciki, sai ta nemi kujera ta zauna. An juye shi a gaban dattijon, an mayar masa. Saura sittin da biyu.

Sa hannu:
Malam Dogon Turanci,
Mai Magana da Yawun Kamfanin Faifai na Ɗakin Baya,
a madadin Hukumar Gudanarwa.