Ummi Ba Ta Juyo Ba

Laraba, bayan isha'i, Azare

Yau malamar nazire ta tare ni, wai Ummi ba ta amsa kira, in kai ta asibiti a duba kunnenta. Na ce, "Malama, 'yata miskila ce, ni ta gado. Gyara koyarwarki." Ni da na fara da tura baro har na kafa shago, wannan yarinyar za ta faɗa mini halin gidana?

Da magariba Ummi na wasa, na lallaɓa bayanta na saki farantin silba a kan siminti. Kaji suka watse, uwarta ta fito tana salati. Ummi ba ta juyo ba.

Shekararta uku, ban taɓa lura ba. Gobe da sassafe sai asibiti. Amma da wane ido zan kalli Malama?